Kanut, Ɗan Tsuntsun Bakin Teku Mai Kai-komo Tsakanin Saberiya da Muritaniya

Kanut ɗan tsuntsu ne daga dangin tsuntsayen da suke kiwo a cikin laka da jiƙaƙƙen yashi na bakin teku. Masana suna kiransa Calidris canutus, kuma Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, shi ya fara shigar da shi littafin kimiyya a 1758. Kanut kuwa sunan da mutanen Holan suke kiransa ne, kuma su ne suka fi kowa bin diddigin rayuwarsa. Girmansa kamar na kurciya ne. Tsawonsa santimita 23 zuwa 26, faɗin fukafukansa idan ya buɗe su kimanin rabin mita. Gajerun ƙafafu gare shi, da jiki a dunƙule, da baƙin baki miƙaƙƙe wanda bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Nauyinsa ba ya zama wuri ɗaya. A lokacin zaman lafiya yakan kai giram 120 ko 130, amma gab da tafiya yakan haura giram 200.

Kamanninsa ma iri biyu ne. Mafi yawan shekara bayansa toka-toka ne, cikinsa fari, ba shi da wani abin da zai ja ido. Idan lokacin aure ya gabato sai ya zubar da wannan gashi, fuskarsa da ƙirjinsa da cikinsa su rine su koma ja irin na jan bulo, bayansa ya yi dabbare-dabbaren baƙi da ruwan ƙasa.

Masana sun kasa kanut gida 6. Dukansu a ƙuryar arewacin duniya suke haihuwa, amma kowane gida da inda yake zuwa cin rani da hanyar da yake bi. Akwai masu haihuwa a arewacin Kanada da Girinlan su yi hunturu a gaɓar Ingila da Holan da Faransa. Akwai masu gangarawa har ƙarshen Amurka ta Kudu, akwai kuma masu zuwa Ostireliya da Niyu Zilan. Gidan da ya shafi Afirka shi ne wanda yake haihuwa a Taimir, wani tsibiri mai haɗe da ƙasa a can ƙarshen arewacin Saberiya ta Rasha, ya kuma zo gaɓar Afirka ta Yamma. Ana yawan lissafa shi cikin tsuntsayen arewa masu kawo ziyara, alhali kimanin wata 8 cikin 12 a Afirka yake yinsu. A Saberiya ko wata 2 cikakku ba kowanensu ke yi ba.

Zaman Muritaniya

Babbar matattararsa a Afirka ita ce Banc d'Arguin, a gaɓar Muritaniya, tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu. Nan ne yashin Sahara yake gangarowa ya shiga Tekun Atilantika ba tare da wani tudu ko daji a tsakaninsu ba. Ruwan wurin ba shi da zurfi, kuma ciyawar teku ta lulluɓe ƙasansa. An mai da yankin gandun da hukuma ke karewa a 1976, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 12,000, sannan hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1989. Mazauna cikinsa masunta ne da ake kira Imragen, waɗanda har yanzu da jiragen ruwa masu filafilai suke su, domin an hana jirgi mai inji kamun kifi a cikin gandun. Wani kaso na tsuntsayen yana zarcewa kudu zuwa tsibiran Bijagos na Gini Bisau, kaɗan kuma su dangana da kudancin Afirka.

Ba za a gane rayuwar kanut ba sai an gane halin teku. Saboda jan da wata yake yi wa ruwan duniya, teku yana cikowa ya janye sau biyu a kowace rana. A gaɓar da take shimfiɗe kamar ta Banc d'Arguin, idan ruwa ya janye yakan bar fili na laka da ciyawa mai faɗin gaske, wanda ido ba ya ganin iyakarsa. Wannan fili shi ne wurin cin abincin kanut, kuma na 'yan sa'o'i ne kawai. Da ruwa ya fara ja da baya sai tsuntsaye su biyo shi, dubbai a jere, kawuna a ƙasa. Idan ya juyo sai su yi ta matsawa gaba gare shi har fili ya ƙare, su tashi su taru a kan wani tsibiri ko tudun yashi, su cunkushe wuri ɗaya, kowa a kan ƙafa guda, baki a cikin gashin baya, suna jiran ruwa ya sake sauka. Ba ruwansu da dare ko rana. Teku ne yake raba musu lokacin ci da na barci. A wajen wannan taruwa ne shaho yake kai musu hari, shi ya sa idan suka tashi suke tashi a dunƙule, garke guda yana murɗawa yana juyawa a sama lokaci ɗaya, wani sa'in ya yi fari, wani sa'in ya yi duhu, gwargwadon ɓangaren jikin da suka juya.

Abincinsa ƙananan ƙumba ne, wato halittun nan masu ɓawo biyu, 'yan uwan waɗanda ake samu a gindin kogi, sai dai waɗannan ba su wuce girman farce ba, kuma a binne suke cikin laka. Kanut ba ya ganinsu. A ƙarshen bakinsa akwai wasu ƙananan ramuka cike da jijiyoyi masu jin matsin ruwa. Idan ya soka bakin cikin jiƙaƙƙen yashi yana ɗan caccakawa da sauri, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi yakan motsa. Idan akwai wani abu mai tauri a kusa, motsin ruwan yakan canja, shi kuwa sai ya ji. Da haka yake gano ƙumbar da bakinsa bai ma taɓa ba. Theunis Piersma da abokan aikinsa na cibiyar binciken teku ta Holan da ke tsibirin Texel su suka tabbatar da wannan a 1998. Sun kuma nuna cewa dabarar ba ta aiki a busasshen yashi, abin da ya bayyana dalilin da ya sa kanut yake manne wa bakin ruwa.

Idan ya zaƙulo ƙumba ba ya ɓare ta. Haɗiye ta yake yi ɗungurungum da ɓawonta, ƙundunsa ya murƙushe ta, hanji ya tsotse naman, garin ɓawon ya fita a kashi. Saboda haka ƙundun kanut babba ne ƙwarai idan aka gwada da jikinsa. Abin mamaki shi ne ƙundun yana girma yana kuma raguwa gwargwadon abin da ake ci. Da aka riƙa auna shi da na'urar hoton ciki irin ta asibiti, ba tare da an yanka tsuntsun ba, an ga cewa idan aka ba shi abinci mai taushi ƙundun yakan motse, idan aka mai da shi kan mai tauri ya sake kumbura, duk cikin kimanin mako guda.

A Banc d'Arguin ƙumba iri biyu ne suka fi muhimmanci gare shi, kuma kowace da aibinta. Ɗaya, wadda masana ke kira Dosinia, lafiyayya ce, tana kusa da saman laka, sai dai ɓawonta yana da kauri kuma ba kowace shekara take wadata ba. Ɗayar, Loripes, ita ta fi yawa nesa ba kusa ba, ɓawonta siriri, namanta da auki, amma tana zaune da wasu ƙwayoyin halitta a jikinta masu rayuwa a kan sinadarin farar wuta da ke cikin laka. Tsuntsun da ya cika cin ta zawo yake yi. Dole sai ya haɗa biyun, ya ci Dosinia gwargwadon abin da ƙundu zai iya niƙawa, ya ci Loripes gwargwadon gubar da ciki zai iya ɗauka. Loripes kuma ta fi nutsewa cikin laka, sai mai dogon baki yake cim mata sosai. Wannan magana ta tsawon baki za ta sake tasowa.

Tafiya arewa

Tun daga wajen watan Maris jan gashi yake fara fitowa, ci kuma ya ƙaru. A ƙasashe masu zafi ƙiba tana zuwa wa kanut a hankali, don haka yakan ɗauki makonni da dama yana tara kitse. A ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, galibi da yamma, sai a ga garke-garke suna ta kuka suna tashi suna sauka, can sai wani rukuni ya ɗaga sama ya miƙe arewa. Zango na gaba shi ne Tekun Wadden, wata doguwar gaɓa ta laka mai kimanin kilomita 500 da ta ratsa Holan da Jamus da Danmak. Tsakanin nan da can ya haura kilomita 4,000, kuma kanut yana yin ta a tashi ɗaya, kimanin kwana 3 ba ci ba sha ba sauka. Shi ba tsuntsun iyo ba ne, kuma ba ya shawagi ya huta a kan iska yadda shamuwa take yi. Kaɗa fiffike yake yi tun daga tashi har sauka. Kitsen jikinsa shi ne makamashinsa, daga ƙonewar kitsen kuma yake samun ruwan da jiki yake bukata. Iska tana da babban hannu a cikin lamarin. Shekarar da ta ba su baya, sukan isa da sauran ƙarfi. Shekarar da ta tare su, da yawa sukan yi saukar dole a gaɓar yammacin Faransa su ɗan farfaɗo, wannan kuwa yana cinye musu kwanakin da ba su da su.

A Wadden, musamman ɓangaren Jamus, suna da mako 3 zuwa 4 su mai da abin da suka rasa, su ƙara da na tafiya ta biyu. Tsuntsun da ya sauka da giram 130 yakan tashi da fiye da 200. A cikin waɗannan makonni jikinsa yana sake tsari sau biyu. Da farko ƙundu da hanji da hanta su girma, domin aikin da ke gabansa ci ne. Kwanaki kaɗan kafin tashi sai kayan ciki su fara motsewa, naman ƙirji mai kaɗa fiffike da zuciya su ƙaru, domin duk abin da ba zai yi amfani a sama ba kaya ne. A farkon Yuni suke tashi, su yi wata tafiyar mai tsawo kamar ta farko, su ratsa Tekun Baltik da arewacin Rasha zuwa Taimir.

Gajeren zama a Taimir

Taimir ƙasa ce da ba bishiya ko ɗaya a arewacinta. Ƙarƙashin ƙasar a daskare yake shekara da shekaru, samanta ne kawai yake narkewa na ɗan lokaci, gansakuka da gajerun tsirrai su fito. Irin wannan fili ake kira tundura. A watannin Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sam. Kanut yakan iso dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, abinci ya yi ƙaranci, sai ya rayu da ragowar kitsen Wadden da ɗan abin da ya tsinta na tsiro da gizo-gizo. Tsuntsun da ya saba cunkoso cikin dubbai, a nan warewa yake yi. Kowane namiji ya kama yankinsa, ya riƙa tashi sama yana kewayawa yana wani kuka mai taushi da ba a jin sa a Afirka.

Sheƙar ɗan rami ce a ƙasa mai tsakuwa, an shimfiɗa mata busassun ganye. Ƙwai 4 mace take yi, masu dabbare-dabbare kalar ƙasar wurin, kuma mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci na kimanin kwana 22. Babban abokin gaba a nan shi ne yanyawar ƙanƙara, wadda da hanci take farauta. Kanut, kamar sauran tsuntsaye, yana da wani ɗan ƙullutu a gindin wutsiya mai fitar da man da yake shafe gashinsa da shi. An gano cewa gab da lokacin kwanci sinadarin wannan mai yana canjawa ya koma wani iri wanda ƙanshinsa ba ya tashi sosai, har da aka gwada da kare mai shinshina ya fi shan wuyar gano shi. Duk da haka, yawan ƙwan da zai tsira ya dogara ne a kan wani ɗan ɓeran tundura mai suna lemin, wanda yawansa yake hauhawa ya faɗi duk bayan shekara 3 ko 4. Shekarar da lemin ya yi yawa, yanyawa ta ƙoshi da shi ta ƙyale sheƙuna. Shekarar da ya ɓace, sai ta koma kan ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye, a wayi gari 'yan ƙalilan ne sababbin tsuntsaye suka iso Afirka.

'Ya'yan suna fitowa daga ƙwai da gashinsu da idonsu a buɗe, kuma cikin yini guda suke barin sheƙa su fara kamun ƙwari da kansu. Ba a ba su abinci a baki. Uwar ma ba ta tsayawa. Da an ƙyanƙyashe take kama hanyar kudu, ta bar uban da reno. Shi yake rufe su da fiffike idan sanyi ya yi tsanani, shi yake janye hankalin maƙiyi daga gare su, har su yi kimanin kwana 18 zuwa 20 su fara tashi. Daga nan shi ma ya tafi. 'Ya'yan su ne na ƙarshe, kuma babu babba ko ɗaya da yake yi musu jagora. Ɗan tsuntsun da bai kai wata 2 a duniya ba, bai taɓa ganin ƙumba ba, shi zai nemo hanyar Wadden, ya koyi sabon abinci, ya zarce Muritaniya. Yawancin waɗanda suka isa ba sa komawa arewa a shekarar farko. Sai sun shekara 2 suke fara haihuwa.

Abin da ɗumamar yanayi ta jawo

Yankin ƙuryar arewa yana ɗumama fiye da sauran duniya. A 2016 Jan van Gils da abokan aikinsa suka fitar da wani bincike a mujallar Science wanda ya haɗa sassan rayuwar kanut wuri ɗaya. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa cikin kimanin shekara 30 narkewar dusar ƙanƙara a Taimir ta riƙa matsowa da kusan rabin yini a kowace shekara, wato ta matso da fiye da mako 2. Ƙwari suna fitowa ne bisa narkewar ƙanƙara, kanut kuwa bai matso da ranar isowarsa daidai da haka ba. A ganin masu binciken, 'ya'yan suna ƙyanƙyashewa ne bayan kakar ƙwari ta fara wucewa. A gaɓar Gdansk ta ƙasar Folan, inda aka daɗe ana kama matasan kanut a kan hanyarsu ta kudu ana auna su, an ga nauyinsu ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100 tun daga tsakiyar shekarun 1980, bakinsu kuma ya gajarta.

Ba a Saberiya ake biyan wannan bashi ba, a Muritaniya ake biya. Tsuntsu mai bakin milimita 40 yana iya kaiwa ga kimanin kashi biyu cikin uku na Loripes da ke cikin laka. Mai milimita 30 kashi ɗaya kawai yake samu. Masu gajeren baki sai su koma cin saiwar ciyawar teku, wadda ba ta riƙe jiki, kuma an ga su ne suka fi mutuwa kafin su cika shekara. An san haka ne saboda tun farkon shekarun 2000 ake sa wa kanut zobba masu launi a ƙafa a kusa da ƙauyen Iwik, kowane tsuntsu da jerin launinsa, ana kuma dawowa duk shekara da madubin hangen nesa ana duba wanda ya rage. Aiki ne na haƙuri, na tsayuwa cikin laka sa'o'i ana karanta ƙafar tsuntsu, kuma ba don shi ba da babu wanda zai danganta bakin da ya gajarta da ƙanƙarar da ta narke a nisan kilomita dubbai.

Zangon da aka taɓa

Rauni mafi girma a rayuwar kanut shi ne ƙarancin wuraren da zai iya yada zango. Gaɓar teku tana da yawa a duniya, amma filin laka mai isasshiyar ƙumba daidai girman da zai iya haɗiyewa, a daidai makon da yake bukata, ƙidayayye ne. A Wadden ta Holan jiragen da ke tsotse ƙasan teku don kwasar ƙumbar sayarwa sun lalata lakar, naman ƙumbar da ta rage ya ragu a kan ɓawonta, yawan kanut masu hunturu a can ya faɗi. An hana wannan sana'a ta inji daga 2005.

Labarin gidan Amurka ya fi muni. Su daga Tierra del Fuego, a ƙarshen Ajantina da Chile, suke tashi zuwa arewacin Kanada, kimanin kilomita 15,000, kuma zangonsu na ƙarshe shi ne mashigin Delaware a gabashin Amurka. A watan Mayu wata halittar ruwa mai siffar kofaton doki, wadda ake kira ƙaguwa ko da yake ta fi kusa da kunama da gizo-gizo, takan fito yashi ta zuba ƙwai ba iyaka, da su kanut yake ƙiba. A shekarun 1990 aka yi ta kwasar wannan halitta ana yankawa ana sa wa tarkon kifi. Kanut da ake ƙirgawa a Tierra del Fuego suka faɗo daga fiye da 50,000 a 2000 zuwa ƙasa da 20,000 a 2005. Jihar New Jersey ta dakatar da kamun a 2008, gwamnatin Amurka kuma ta sa wannan gida cikin halittun da ke fuskantar barazana a ƙarshen 2014. Daga cikin wannan gida ne aka sami wani namiji mai lamba B95, wanda aka sa wa alama a Rio Grande ta Ajantina a Fabrairun 1995 yana babba, aka kuma ci gaba da ganinsa har 2014. Tafiyar da ya yi a rayuwarsa ta zarce nisan da ke tsakanin duniya da wata. A gabashin Asiya kuwa cike bakin teku aka yi ta yi don gina masana'antu da gonaki a gaɓar Sin da Koriya ta Kudu, inda katangar Saemangeum mai kilomita 33 ta datse wani babban filin laka a 2006. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa kanut cikin jerin tsuntsayen da suka kusa shiga haɗari.

Kanut ba ya shiga cikin ƙasa, don haka ba a saba ganinsa a fadamun Arewacin Nijeriya ba. Amma wani ɗan uwansa na jini, Calidris pugnax, wanda namijinsa yake yin wani tulin gashi a wuya lokacin aure, yana zuwa da yawa daga arewacin Turai da Saberiya ya ci rani a dausayin Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi, inda yake tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi. Dukansu biyu suna ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka ƙulla a 1995, kuma Nijeriya da Nijar da Gana suna cikinta. Ƙidayar farko mai faɗi a Banc d'Arguin an yi ta ne a 1980, lokacin da aka sami tsuntsayen bakin ruwa kimanin miliyan 2, kanut dubu ɗaruruwa a cikinsu, kuma ƙidayoyin baya sun nuna ya ragu. Tun daga 2014, duk bayan shekara 3 ana haɗa ƙidaya guda a watan Janairu, a lokaci ɗaya, tun daga gaɓar arewacin Turai har Afirka ta Kudu, da masu ƙirga daga ƙasashe fiye da 30.